Mijin Mai Hoto

Duk wanda ya taɓa neman hoton fasfo a layin nan na bayan ofisoshin gwamnati ya san Kar-ka-motsa. Sunan da iyayensa suka raɗa masa yana nan a takardun shago, amma ba mai kiransa da shi. Sama da shekara talatin ke nan yana ƙanƙance ido a bayan kyamara yana ce wa mutane, "Ɗaga haɓa kaɗan. Yauwa. Kar ka motsa!" har maganar ta manne masa ta zama suna. Direbobin tasi ma da shagonsa suke kwatance.

Shagon ɗaki ne guda, dogo, a ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Da ka shiga za ka tarar da madubi da mataji a rataye, sai wata baƙar kwat da laktaye da yake ara wa masu neman aiki. Kwat ɗin nan ta shiga ofisoshi da yawa a hoto, ta fi mai ita yawo. A can ƙurya akwai farin ƙyalle na fasfo, da labule mai zanen tafki da matakala na masu hoton iyali, da tukunyar furen roba, da fitilu biyu masu lema waɗanda ba ya yarda kowa ya taɓa.

Tun yana saurayi ya koyi aikin, a hannun wani dattijo mai faɗa, zamanin da ake wanke hoto a ɗakin duhu da jan ƙwan fitila, magani na cin yatsu har su yi rawaya. Da kwamfuta ta zo, sannan wayoyi suka cika hannun kowa, abokan sana'arsa da dama sun rufe shago. Shi ya cije, ya koyi sabon aikin da tabarau a kan hanci, ya ci gaba. Yana da aƙida guda: mutum ya zo masa da fuskar da ya tashi barci da ita, ya fita da fuskar da yake so a tuna shi da ita. Saboda haka ba wanda ya taɓa fita a hotonsa da wuyan riga a karkace, ko ido ɗaya a lumshe. Mutum ne mai alfahari da aikinsa, kuma yana da hujja.

Matarsa kuwa, wadda yake kira Maman yara ko da yake yaran biyu ne kuma duk sun girma, ita ce mai almakashi. Kullum da rana takan zo da kular abinci, ta zauna a benci kusa da ƙofa, ta yanka hotunan fasfo huɗu-huɗu ta zuba a ambulan. Mace ce mai ƙarancin magana, mai yawan kallo. Shekara ashirin da biyu tana wannan zama, ba ta taɓa riƙe kyamara ba, don bai taɓa miƙa mata ba.

Ranar da ya sayi sabuwar kyamara ya jefa tsohuwar a durowa. Bayan 'yan makonni ta ce masa, "Baban yara, wannan ta cikin durowar, ka gama da ita?"

"Me za ki yi da ita? Filashinta ya mutu."

"In riƙa ɗaukar jikokina in sun zo hutu."

Ya ɗauko ya hure ƙura, ya nuna mata maɓalli guda. "Nan za ki danna. Sauran duk kar ki taɓa, ba naki ba ne."

Ta ɗauki jikokin. Da suka koma gidan iyayensu sai kyamarar ta zauna a jakarta, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Da ita take zuwa kasuwa, da ita take zuwa tashar bas, da ita take bin layin asibiti ranar awon hawan jini. Sau ɗaya tak ta nuna masa abin da take ɗauka, a kwamfutar shago. Ya duba na farko, ya duba na biyu, sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Ina kan wannan? Kin fille masa kai! Wannan kuma ƙafafu ne zalla, mutanen sun tafi ina? Dubi wannan, rana a bayanta, fuska baƙi ƙirin. Maman yara, don Allah ki tsaya a almakashinki."

Ita ma ta yi dariya, ta zare katin kyamarar ta mayar jaka. Ba ta sake nuna masa ba. Shekara shida tana abinta, shi ya ma manta. Autarsu, wadda ke jami'a, ita ce ta kwashi hotunan ta zuba a intanet, ba tare da ta shawarci kowa ba.

Wata rana da la'asar wata doguwar mata mai furfura, da tabarau a rataye da sarƙa a wuya, ta yi sallama a ƙofar shagon.

"Nan ne wurin mai hoto?"

"Nan ne, ranki ya daɗe. Fasfo ko na tsaye?"

Ta ce ba hoto ta zo ɗauka ba. Ita ce mai gidan baje kolin zane-zane da hotunan zamani, can sabuwar unguwa inda bankuna suke, kuma ta zo ne a kan maganar nuna aiki. Kar-ka-motsa ya washe baki. Ya daɗe yana ji a jikinsa cewa wata rana wani mai ido zai shigo ta ƙofar nan. Ya goge mata kujera da hannun rigarsa, ya fita da kansa ya sayo lemo mai sanyi, sannan ya sauko da albam uku daga saman kabad: amare da angwaye, ɗalibai da hular kammala karatu, wani ɗan kasuwa da 'ya'yansa goma sha ɗaya an jera su bisa tsayi. Matar ta bi shafi-shafi cikin ladabi.

"Aiki mai tsafta," in ji ta. "Gaskiya ka iya. Sai dai fa ni matarka nake nema. Wadda ta ɗauki hotunan layin asibiti."

Maman yara tana benci, almakashi a buɗe a hannunta, ta kasa rufe shi.

"Ita?" in ji Kar-ka-motsa. Yadda kalmar ta fito, sai da mai aski ya ji ta bango ya leƙo.

Wata huɗu aka yi ana shiri. Ana zuwa ana ɗaukarta a mota, ana dawo da ita. Shi kuwa duk wanda ya yi masa barka sai ya ce, "Ai abin mata ne, suna ɗan taimaka wa junansu." Ranar buɗewa ya ce yana da aikin katin shaida na wata makaranta, ɗalibai ɗari biyu. Aikin gaskiya ne, amma shugaban makarantar da bakinsa ya ce ko mako mai zuwa ma ya yi. Babbar 'yarsu ta taso daga garin mijinta, Auta ta zo da ƙawayenta, mai aski ya rufe shago ya sa rigarsa ta fita kunya ya bi su.

Washegari da sassafe mai askin ya tsaya a ƙofa yana sakace.

"Kai, abokina, ka yi asara! Wuri maƙil, har da 'yan jarida. Sau uku ana tafa mata. Ka ga yadda manyan mutane ke bin layi su gaisa da ita? Ni ma da na ce maƙwabcin shagonku ne sai da aka ba ni kujera."

"Yau ba ka da kawunan askewa ne?"

"Akwai. Na ga naka ya fi buƙatar ruwan sanyi ne."

A gida ba ta ce masa komai ba. Ba ta yi fushi ba, ba ta ba shi labari ba, ta zuba masa abinci kamar kullum. Wannan shirun ya fi cin ransa. Da ta yi gori da ya samu abin kamawa.

A rana ta huɗu ya ce zai je sayen takardar hoto. Ya hau bas biyu, ya sauka a sabuwar unguwa, ya wuce ƙofar gidan baje kolin sau biyu kamar mai neman wani adireshi, sannan ya tunkare ta. Ƙofar gilashi ce, ta buɗe da kanta kafin ya taɓa, har ya ɗan ja da baya. Sanyi ya buge shi. Wata budurwa a tebur ta miƙa masa takarda a ninke, ta yi masa maraba da murya ƙasa-ƙasa, kamar akwai marar lafiya a ciki.

Bangon fari fat, ƙasa na ƙyalli, takalminsa na ƙara shi kaɗai. A ɗakin farko ya tarar da tsofaffin takalma sun fi ɗari, an ɗaure su da waya an rataye daga rufi. Ya zagaya su yana neman abin da aka ɓoye a ciki, bai ga komai ba. A bango akwai wani allo mai faɗin ƙofar gareji, an shafe shi da shuɗin fenti, an ja jan layi guda a tsakiya. Wasu mutum biyu sun harɗe hannu a gabansa suna gyaɗa kai. Ya tsaya bayansu ya jira ko za a kawo sauran zanen. A wani lungu kuma talabijin ce ke nuna famfo yana ɗiga, ɗis, ɗis, ba mai zuwa ya rufe.

Ƙafarsa ta gaji, ya hangi wata kujerar katako a tsakiyar ɗaki, ya juya zai zauna.

"Baba, a'a!" Mai gadi ne ya taho da sauri. "Wannan ba ta zama ba ce. Aikin wani ne."

"Na sani mana, aikin kafinta."

"A'a, Baba, aikin mai fasaha ne. Kallo ake yi."

Kar-ka-motsa ya miƙe yana kaɗe bayan riga, sai ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi wata huɗu. Ashe nan ne wurin! Inda ake rataye takalma, ake gadin kujera kar a zauna. To in a nan aka tafa wa Maman yara, ai ba abin tayar da hankali ba ne. Har ya fara tsara yadda zai ba mai aski labari. Da murmushi ya shiga ɗaki na ƙarshe.

Murmushin bai kai tsakiyar ɗakin ba.

Hotuna ashirin da ɗaya ne, kowanne ya kai rabin ƙofa, baƙi da fari, an haska kowanne da fitilarsa. Sunanta na rubuce a bango da manyan baƙaƙe, sunan da shi kansa ya daɗe bai furta ba. Ya goya hannu a baya ya fara daga hagu kamar mai duba jarrabawa. Wannan an yanke kai. Wannan ya karkace. Wannan hannun ya motsa, ya yi dishi-dishi. Ga ɗan dako yana barci cikin baronsa, ga wata mata a bas ta ɗaga hoton ƙashi na asibiti tana dubawa a hasken taga, ga hannun mai wanki ya yi fari ya tattare.

Sai ya iso kan na ƙafafun, wanda ya yi wa dariya a shago. Ƙafafun mata ne a layi. Ɗaya ta zare silifas ta ɗora ƙafa a kan ƙafa, dugaduganta duk faso, igiyar silifas ɗin an kama ta da ƙusa. Bai ga fuskarta ba, amma ya san tun asuba take tsaye, ya san ba ta karya ba, ya san ba za ta bar layin ba ko za a kai yamma. Da ya ankara ya daɗe a wurin, har wani ya ce masa ya ɗan matsa.

Shi hotunansa dubbai ne, sun fi ƙarfin lissafi, amma ina suke? A cikin fayil, an soke su da ƙarfe a goshi, an buga musu hatimi a kunne. Bai taɓa ganin wanda ya tsaya gaban hotonsa har aka ce ya matsa ba.

A bangon ƙarshe ɗalibai kusan goma sun yi cincirindo, malaminsu na bayani. Wani mutum ne mai furfurar gemu, da kyamara a wuya irin wadda Kar-ka-motsa bai taɓa gani ba sai a mujalla. Ya leƙa ta saman kafaɗarsu, sai ya ga kansa.

Shi ne, a shagonsa, ya sunkuya yana gyara wa wani tsoho wuyan baƙar kwat ɗin nan. Harshensa a tsakanin haƙora, tumbinsa ya turo riga, sanƙonsa na sheƙi. Tsohon ya ɗaga haɓa ya lumshe ido kamar yaron da uwarsa ke shiryawa. Bai san lokacin da ta ɗauka ba.

"Ku dubi yadda ta sarrafa haske," in ji mai gemun. "Ya sauko ta hagu a hankali, ya kwanta a kan hannun nan, bai ƙona fuskar tsohon ba. Wannan ba a koyar da shi a aji. Baiwa ce."

"Hasken nan nawa ne!"

Muryarsa ta daki bangon ta dawo. Kowa ya juyo.

"Ni na kafa fitilar. Lemar hagu na sauke ta taƙi ɗaya saboda tsohon yana da tabarau, kar ya yi walƙiya. Ita zuwa kawai ta yi ta danna!"

Wata ɗaliba ta dubi bango, ta dube shi, ta sake duban bango.

"Laa! Shi ne! Mijin mai hoton ne!"

Nan take wayoyi suka tashi sama. Suka kewaye shi, wannan ya dafa kafaɗarsa, wannan ta ce ya ɗan sunkuya kamar yadda yake a bangon. Mai gemun ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa.

"Malam, ka yi dacen mata. Yaya zama da mai irin wannan ido yake?"

"Ni ma mai hoto ne," in ji Kar-ka-motsa. "Shekara talatin da biyu."

"Kai, madalla! Ka ga kana da makaranta a cikin gida ke nan."

Da zuciya ɗaya mutumin ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Kafin Kar-ka-motsa ya samo amsa, wata ƙofa ta gefe ta buɗe, Maman yara ta shigo tare da matar nan mai gidan baje kolin, kofin shayi a hannunta, tana dariya har haƙoranta a waje. Rabon da ya ga wannan dariyar ya manta. Ba ta gan shi ba, ɗalibai sun tare shi. Mai gemun ya tarye ta, ya cire kyamararsa daga wuya ya miƙa mata ta gwada. Ta ajiye kofin, ta karɓa, ta matse gwiwar hannu a jiki, ta murza zoben gilashin da yatsa biyu, ta taɓa nan ta taɓa can, duk wuraren da ya ce ba nata ba ne. Ta ɗaga kyamarar tana neman abin ɗauka, sai ta same shi a ciki. Ta sauke a hankali.

"Baban yara! Ka zo?"

"Takarda na fito saya. Hanya ce ta biyo da ni."

"Shagon takarda ai yana can gabas."

"An canja hanyar bas," in ji shi.

Tare suka koma. Ta ƙi motar da aka ce za a kai ta, suka hau bas, suka samu kujera ɗaya a baya. Sai da suka wuce tasha uku ya juyo wajenta.

"Wa ya wanke miki su?"

"Wani kamfani ne da gidan ke aiki da shi."

"Ni na mutu ne?"

"Allah ya ƙara maka kwana. Injinka ai bai wuce faɗin littafi ba."

Gaskiya ce, don haka ya sauya. "Kuma da izinin wa kika ɗauke ni? Duk gari na kallon sanƙona."

"Ba sanƙon suke kallo ba. Hannunka suke kallo."

Bai shirya karɓar lallashi ba. Ya juya wajen taga. "Shi wancan mai gemun, don me yake ba ki kyamararsa? Ba shi da mata ne?"

Ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. "Yanzu wanne ne a ciki, Baban yara? Kishin hoton ko kishin mai gemun?"

"Ni? Kishi? Allah ya sawwaƙe."

Da dariyar ta lafa sai ta yi magana a hankali, idonta a kan jakarta. "Ranar da na nuna maka ka yi dariya har da hawaye. Ban riƙe ka ba, don a naka aikin gaskiya ka faɗa. Amma shekara ashirin da takwas ina yanka fuskokin mutane, duk sun ƙame kamar an tsare su da bindiga. Ina zaune a bencin nan ina ganin yadda suke shigowa, da gajiyarsu da tsoronsu da surutunsu, sai ka ce kar su motsa, duk ya ɓace. Ni wancan na kafin nan nake so. Shi ke nan fa."

Har suka sauka yana kallon titi, kuma ranar ya ce ba ya jin yunwa.

Abin da ya biyo baya ba abin yabo ba ne, amma haka aka yi. Ya ɓoye mata cajar kyamara kwana biyu. Ta nema ta nema, ta same ta a aljihun kwat ɗin aro, ta ɗauka ta jona a gabansa. Kunya ta hana shi haɗa ido da ita har yamma.

Sannan ya ce bari ya nuna musu abin ba wuya. Wata safiya ya rataya sabuwar kyamararsa ya tafi tashar bas. To amma wa bai san Kar-ka-motsa ba? Yana ɗaga kyamara 'yan dako suka zabura suka jeru, suka gyara hula, suka washe baki. Ya koma kasuwa ya laɓe bayan rumfa, ya hangi wata mai sayar da tumatir ta yi tagumi, hoto kamar a roƙa. Ya saita, ya ga ɗankwalinta ya zame gefe, ya daure, ya daure, sai bakinsa ya kubce: "Baiwar Allah, ɗan gyara ɗankwalin." Ya dawo da hotuna arba'in masu tsafta, kowa na kallonsa yana murmushi. Ya goge su kafin ta zo da abinci.

Bai haƙura ba. Ya zaɓi guda goma sha biyu mafiya kyau a duk rayuwarsa, ya sa a babban ambulan, ya kai wa mai gidan baje kolin a ɓoye. Ta karɓe shi da mutunci, ta duba su da kyau, ta ce in dama ta samu za ta neme shi. Da ya kai ƙofa ta ce, "Ka gaishe min da mai hoto." Har yau damar ba ta samu ba.

Zaman benci ya ragu. Ana gayyatarta makarantu, wata mujalla ta ba ta aiki, wani lokaci ta yi kwana uku ba ta leƙo shago ba. Ya koma yanka fasfo da kansa, suna fitowa gefe ɗaya ya fi faɗi, har ya gaji ya sayi ɗan injin yanka. In baƙi suka zo tambayarta, yakan ce ba ta nan tun kafin su gama sallama.

Bayan shekara biyu aka sake nuna aikinta. Wannan karon ya je ranar buɗewa, ya sa kaya masu guga, ya tsaya kusa da ƙofa fuska a murtuke. Can ya ji wani mai kwat yana ce wa abokinsa, "Sa'a ce kawai. Kowa ka ba kyamara ya yi ta dannawa, ai dole wani ya fito da kyau."

Kar-ka-motsa ya sha gabansa. "Malam, ka taɓa tsayuwar awa uku a rana kana jiran mutum ya manta da kai? Ni na gwada, ban kai minti goma ba. Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a, ban iya abin da ke bangon nan ba. In ka iya, ga titi nan, je ka danna mu gani." Mutumin ya ba da haƙuri ya sulale. Mai aski, wanda ke gefe yana shan lemon kyauta, ya ce rabonsa da jin daɗi irin na ranar tun auren 'yarsa.

Amma kar a ɗauka ya warke. Da aka tafa mata ya tafa sau biyu ya mayar da hannu aljihu. A gida ya zauna yana juya cokali a faranti. Ta zauna gabansa ta ce, "To, malamin hoto, wanne ne ya fi rauni a ciki? Tsakani da Allah nake tambaya."

Ya ajiye cokalin tun kafin ta rufe baki. "Na tara. Na masu jiran bas a ruwan sama. Titin ya karkace hagu, kuma akwai falwaya da ta tsiro daga kan mutumin tsakiya. Da kin matsa taku biyu dama, da ya fita."

"Gaskiyarka," in ji ta. "Ban lura da falwayar ba."

Ya ci abincinsa tas ranar, har da ƙari. Sai dai ba ta cire hoton ba, ba ta gyara ba, kuma shi jarida ta zaɓa ta buga a shafin gaba.

Yanzu ya haura sittin. Kullum ƙarfe takwas yana buɗe shago, yana share ƙofa, yana gyara wa masu neman aiki wuyan riga, kuma a duk layin ba wanda hotonsa ke wucewa a ofis ba tare da an dawo da shi ba sai shi. In ka je za ka same shi da fara'a da barkwanci. Amma in kana so ka ɓata masa yini guda cur, ka zauna a kujerar mai aski, ka ɗaga murya yadda za ta ratsa bango, ka ce hoto na tara ya burge ka.